Tarihin Marigayi Saidu Keita Na Bamako, Kafintan Da Ya Zama Mai Hoto

A wannan fitowa mun ɗauko tarihin wani bawan Allah wanda ba sarki ba ne, ba malami ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba. Mai sana'a ne kamar yawancinmu, wanda yake buɗe wurin neman abincinsa da safe ya jira mai saye. Sunansa Saidu Keita, Faransawa kuwa suna rubuta shi Seydou Keïta, mutumin Bamako ta ƙasar Mali. Kada nisan wurin ya sa a ce ina ruwanmu. Kogin da ya ratsa Bamako, wanda mutanen can suke kira Joliba, shi ne dai Kwara ɗin nan da ya gangaro ta Yamai, ya biyo ta Yawuri, ya zuba a tafkin Kainji yamma da mu. Ruwa ɗaya muke sha da su. Sannan abin da ya faru da wannan mutum da hajarsa ya shafi duk wanda yake da tsohon hoton mahaifinsa a ƙasan akwati a nan Nasko.

Asalinsa Da Tasowarsa

An haifi Saidu Keita a Bamako wajajen shekarar 1921, shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. A lokacin ƙasar tana hannun Faransawa, suna kiranta Sudan ta Faransa, wato ba Sudan ɗin nan ta hanyar Makka da kakanninmu suka riƙa ratsawa ba. Bamako ce hedkwatar mulkinsu tun 1908. Mahaifinsa kafinta ne mai yin kujeru da gadaje, saboda haka yaron bai shiga makarantar boko ba, tun yana ƙarami aka sa shi a gaban katako yana koyon sana'ar gida.

A shekarar 1935 wani baffansa ya dawo daga tafiya ƙasar Sanagal da wata ƙaramar kyamara mai siffar akwati, ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Daga nan fa labari ya sauya. Yaro ya shiga ɗaukar mutanen gidansu da maƙwabta da abokan aikin kafinta. Farkon abin bai yi daɗi ba, domin hotuna da yawa lalacewa suke yi, ga fim da tsada, kuma da kuɗin kafinta yake biyan asarar. Amma bai ajiye ba. Ya riƙa zuwa kantin wani Bafaranshe mai suna Pierre Garnier mai sayar da kayan hoto, yana sayen fim yana kuma tsintar dabaru. Daga bisani ya samu wani malamin makaranta ɗan ƙasa, Mountaga Dembélé, wanda ya riga shi shiga sana'ar, shi ne ya nuna masa yadda ake wankin hoto. Shekara goma sha uku ya yi tsakanin samun kyamarar farko da buɗe wurin kansa. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Buɗe Shago A Bamako-Kura

A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a filin gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, wato Sabuwar Bamako, a bayan babban gidan yari. Duk ɗan kasuwa ya san cewa rabin ciniki wuri ne. To wannan unguwa ba ta da nisa da tashar jirgin ƙasa da kasuwa da gidan silima. Jirgin kuwa shi ne wanda yake tasowa daga Dakar a bakin teku ya zo Bamako ya wuce Kulikoro. Saboda haka ban da mutanen gari, fatake da ma'aikata da sojoji da matafiya daga ƙasashen maƙwabta duk suna biyowa ta ƙofarsa. Wanda ya zo birni ya samu 'yan kuɗi, yana son ya aika wa mutanen ƙauyensu shaidar cewa yana nan lafiya kuma ya samu rufin asiri. Mu da iyayenmu suka baro Katsina da Sakkwato da Zamfara da Kano suka zauna a ƙasar Kwantagora, ai ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Yawancin aikinsa a tsakar gida yake yi da hasken rana. Ya sayi babbar kyamara mai ƙafa uku wadda dodon hotonta, wato negetif, yake da faɗin santimita 13 da tsawon 18, kusan tafin hannu biyu. Hikimar abin ita ce ba ya bukatar injin ƙara girma. Sai dai ya ɗora dodon a kan takardar hoto, ya haska, ya wanke, hoto ya fito daidai girman dodon. Kuma da yake dodon babba ne, komai yana fita tsaf, har zaren ɗinkin riga da zanen zobe ana iya gani. Mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Saboda tsadar fim da takarda, sau ɗaya tak yake ɗaukar kowane mutum. Babu a sake. Wannan ya tilasta masa ya gama duk tunaninsa kafin ya taɓa kyamara: ina haske yake faɗowa, wane gefen fuska ya fi kyau, ina za a ajiye hannu, yaya za a baza riga. Ya fi son mutum ya ɗan karkace maimakon ya fuskanci kyamara ƙiƙam kamar hoton fasfo. Mata kuwa yakan sa wasu su kishingiɗa a kan gado ko shimfiɗa, a baza zane, a fito da 'yan kunne da awarwaro da ɗaurin ɗankwali. A bangon shagon ya liƙa hotunan da ya riga ya ɗauka, mai saye ya duba ya nuna irin tsayuwar da yake so, kamar yadda ake zaɓen ɗinki a wurin tela.

Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane ba wani abu ba ne illa zanen gadonsa mai geza. Bayan 'yan shekaru ya canza zuwa yadi mai zanen furanni da ganyaye, ya ci gaba da canzawa lokaci lokaci. Abin da ya fara don talauci sai ya zama alamarsa, domin idan mace ta sa atamfa mai zane ta zauna a gaban labule mai zane, sai hoton ya cika ido. Har ila yau labulen nan ya zame masa kalanda. Da ya tsufa, idan aka nuna masa hoto, da ya dubi labulen sai ya faɗi wajajen shekarar da ya ɗauke shi.

Sai kuma kayan aro. Ya tanadi kwat da taye da malafa irin ta Turawa, da agogon hannu, da alƙalami, da tabarau, da furen roba, da rediyo, da tarho, da keke, da babur ƙirar Vespa. Da ciniki ya kankama ya sayi mota ƙirar Peugeot 203, ita ma ta shiga cikin kayan hoto, mutane suna jingina da ita ana ɗaukarsu. Wani zai ce ai wannan ƙarya ce, mutum ya dafa rediyon da ba nasa ba. Mu dai a ganinmu Saidu ya gane abin da yake sayarwa. Ba takarda mutane suke saye ba. Saurayin da ya ari kwat ya soke alƙalami a aljihu yana nuna inda yake fatan kaiwa ne, a zamanin da Bature yake kallon baƙar fata a matsayin lebura. Hotunan da Turawan mulki suke ɗauka na mutanen Afirka a wancan lokaci, yawanci don su nuna wa mutanensu ƙabilu da tsagar fuska ne, ba tare da an tambayi mai fuskar ba. A wurin Saidu kuwa mai fuskar ne ya biya kuɗi, shi ne kuma ya zaɓi yadda za a gan shi. Shi ya sa layi yake tsawo a ƙofarsa, musamman ranar Asabar da lokacin bukukuwan salla.

Aikin Kuɗi Da Aikin Kai

Ban da na masu saye, akwai hotunan da ya ɗauka don kansa. Idan an tashi aiki ya ga sauran fim, sai ya zauna a gaban labulen nan ya ɗauki kansa, ko ya tara matansa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa ya ɗauke su. A ciki akwai inda yake sanye da farar riga, akwai inda yake riƙe da jariri a cinya. Waɗannan babu wanda ya biya shi, amma bai rage musu komai ba, kulawar da ya yi wa na kuɗi ita ya yi musu. Haka kuma bai yi wa na kuɗin aikin gaggawa don wai na kasuwa ne ba. Idan aka jera su ba a iya rabewa ta wajen kyau. Wannan shi ne abin da ya fi burge mu a tarihinsa, domin mun san masu sana'a da yawa waɗanda abin da za su kai gida daban, abin da za su miƙa wa mai saye daban.

Wata ɗabi'a tasa kuma ita ce ajiya. Duk dodon hoton da ya ɗauka ba ya yarwa. Yakan jera su cikin kwalaye ya zuba a akwatin ƙarfe, yana bin su yana sharewa, saboda ko wata rana mai hoto zai dawo ya ce a sake wanke masa. Lissafin ɗan kasuwa ne kawai. A haka dubban dodanni suka taru a ɗakinsa.

Zamanin Gwamnati

Mali ta samu 'yancin kai ranar 22 ga Satumba 1960, kwana tara kafin Nijeriya, Modibo Keita ya zama shugaban ƙasa. Sabuwar gwamnati mai bin tsarin gurguzu tana bukatar ƙwararren mai hoto, kuma babu wanda ya kai Saidu suna a Bamako. A 1962 aka ɗauke shi aiki a hukumar tsaron ƙasa. A irin wancan zamani idan hukuma ta kira mutum, ƙi ba abu ne mai sauƙi ba. Ya ɗan haɗa biyun na wani lokaci, amma a 1963 ya rufe shagonsa. Sojoji sun kifar da Modibo Keita a watan Nuwamba 1968, Musa Traore ya hau, Saidu ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya a 1977.

A duba nan da kyau. Shekara goma sha biyar ya yi yana aikin kansa, shekara goma sha biyar kuma yana aikin albashi. Abin da ya ɗauka wa hukuma ya zama na hukuma, yana can a hannunta, ba ya cikin abin da duniya ta san shi da shi. Wanda ya yi a tsakar gidansa kuwa yana cikin akwatinsa. Bayan ritaya ya koma wani abin da yake so tun da, wato kanikanci, yana gyaran injin babura. A lokacin hoto mai launi ya fara shigowa, yayin baƙi da fari yana wucewa. Yaran unguwa da suka taso ba su san tsohon nan mai baƙin mai a hannu shi ne wanda iyayensu suka yi wa layi ba.

Yadda Duniya Ta Neme Shi

A 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin Niyok na Amurka mai suna Africa Explores, wanda wata masaniya Susan Vogel ta shirya. A ciki aka rataya wasu hotunan mutanen Bamako, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Jama'a ku ji fa, mutum yana raye a gidansa, hajarsa tana bango a Amurka babu sunansa. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gani ya yi sha'awa, ya tura wakilinsa André Magnin ya nemo mai aikin. Magnin ya sauka Bamako a 1992 da kwafin hotunan a hannu, aka kai shi wurin wani mai hoto, Malik Sidibe. Da ganin labulen da irin tsayuwar, Malik ya gane aikin Saidu ne, ya nuna masa gidan. Ɗan sana'a ne ya san hannun ɗan'uwansa.

Aka buɗe akwatin ƙarfe, sai ga dodanni lafiya lau bayan shekara talatin da wani abu. Magnin ya zaɓi 921 ya tafi da su Faransa. A 1994 aka yi wa Saidu baje koli nasa shi kaɗai a gidauniyar Cartier a birnin Faris. A shekarar nan kuma aka fara babban taron masu hoto na Afirka a Bamako, wanda wata Bafaranshiya mai hoto, Françoise Huguier, tana cikin waɗanda suka kafa, kuma aka girmama shi a wurin. A 1997 aka buga babban littafin hotunansa, aka kuma baje su a gidan Gagosian a Niyok. A 1998 mujallar kayan ado ta Amurka, Harper's Bazaar, ta ba shi aikin ɗaukar hoto, tsoho ya sake komawa bayan kyamara yana da shekara saba'in da 'yan kai.

Yanzu mu koma maganar girman dodo. Da yake dodannin manya ne kuma an adana su da kyau, sai aka iya buga su da girma, wasu har kusan tsayin mutum, ba tare da sun dushe ba. Shi kansa Saidu bai taɓa ganin aikinsa da irin wannan girma ba sai a lokacin, kuma abin ya faranta masa rai ƙwarai. Hoton da aka biya 'yan sulalla a Bamako ya koma ana sayensa da dubban daloli.

Rigimar Da Ta Biyo Baya

Inda kuɗi ya shiga, sai a yi hattara. A ƙarshen rayuwarsa dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da waɗanda suka fara fitar da shi. A 2001 ya ƙulla yarjejeniya da wani dillali daban, aka kuma kafa ƙungiya da sunansa a Bamako don kula da aikinsa. Allah ya yi masa rasuwa a birnin Faris a watan Nuwamba na 2001, yana da shekara tamanin ko kusa da haka. Bayan rasuwarsa rigima ta tashi a kan dodannin nan 921 da kuma wanda yake da ikon buga hotunan ya sayar, magana ta kai kotu, aka shafe shekaru ana ja. Ba mu ne alƙalai ba, ba za mu ce wane ne mai gaskiya ba. Amma kowa ya ga inda gizo yake saƙa: dukiya ta bar hannun mai ita ta haye teku, mai ita bai yi boko ba, takardun kuwa da harshen wasu aka rubuta su. Duk da haka sunansa bai faɗi ba. A 2016 aka yi masa gagarumin baje koli a Grand Palais a Faris, aka nuna hotuna kusan 300.

Akwai kuma wani haƙƙi da ba a cika magana a kansa ba, shi ne na mutanen da ke cikin hotunan. Saidu bai rubuta sunayen masu saye ba, don haka yawancin hotunan ana rataye su ne babu suna. Matar da ta yi kwalliya ta je a ɗauke ta don mijinta ko mahaifiyarta, ga fuskarta a bangon ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba, babu wanda ya nemi izininta, babu kuma wanda ya san ko 'yar wace ce. An gano sunan mai hoto, na masu fuska ya ɓace.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mu ma a Nijeriya an yi irinsa. Marigayi J. D. Okhai Ojeikere ya yi aikin hoto a ma'aikatar watsa labarai da gidan talabijin a Ibadan, sannan a kamfanin talla a Legas. Amma daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya don kansa, har ya tara kusan dubu, kuma da wannan aka san shi har ya rasu a 2014. Shi aikin kansa ne ya ɗaga shi, Saidu kuwa aikin kasuwa. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya inganta aiki kuma ya adana.

To mu fa? A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya cinye tsohon garin Busa da ƙauyuka da dama na bakin kogi, aka tashi mutane aka sake musu matsuguni. Wanda yake son ya nuna wa jikansa yadda waɗannan wurare suke, in ba shi da hoto sai dai baki. Haka tarihin zamanmu a nan yake. A gidaje da yawa akwai hoton da mai gida ya je Kwantagora ya ɗauka don fasfon aikin hajji, ko na ranar salla, ko na ɗaurin aure, ko na ranar da aka sayi keken farko. Suna nan a ƙasan akwati ko bayan madubi, damina tana jiƙa su, gara tana ci. Dattawan da za su iya cewa wannan wane ne, daga wane gari ya zo, a wace shekara, kullum raguwa suke yi.

Shawararmu ita ce kowa ya fito da nasa tun da sauran masu shaida. A zauna da tsofaffin gida, a rubuta suna da garin asali da shekara a bayan kowane hoto, da fensir, domin tawadar biro tana huda takarda. A sa su a ambulan a ajiye inda babu laima. Yara masu waya su ɗauki kwafi su tura wa 'yan'uwa na gida, don in ɗaya ya ɓace ɗaya yana nan. Wanda yake da dodon hoto kada ya ba yara su yi wasa da shi. Idan kuma wani baƙo ya zo yana neman saye ko aro, kada a miƙa sai da shaidu da rubutu, kuma a samu wanda zai karanta takardar ya fassara kafin a sa hannu. Masu ɗaukar hoto na garin nan su ma su riƙa sa sunansu a aikinsu, su kuma riƙe littafin masu saye.

Allah ya jiƙan Saidu Keita, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Mu kuma Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.